Tabarma, bulo da bel: sharhi kan saitin kayan yoga ga mai tsohon ciwon gaɓa

A shagunan kayan wasanni na Sabon Gari a Kano, da kuma wurin masu tallata kaya a Instagram da WhatsApp, akwai wani saitin kayan yoga, wato motsa jiki na miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi, da ake saurin miƙo wa duk wanda ya ce gwiwa ko kafaɗa na damunsa. Tabarmar roba ce a naɗe, da bulon soso guda biyu, da bel na auduga, wani lokaci har da 'yar takarda mai hotunan wata ta naɗe ƙafafunta kamar igiya. Yawancinsu daga China ake shigo da su, kuma sunan da ke jikin ledar bai cika nuna komai ba. Masu saye kuwa sanannu ne: ɗan ƙwallon unguwa da gwiwarsa ta murɗe shekara takwas da suka wuce, magidancin da ya faɗo daga acaɓa tun kafin a hana goyo a babur a 2013 har yau kafaɗar ba ta koma daidai ba, da uwar da santsi ya kwashe a banɗaki ta dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye, aka yi ɗori ya warke amma ya riƙe.

Saitin yana da amfani ga irin waɗannan mutane, sai dai amfanin ba ya inda mai shago ke nunawa. Tabarmar da zai fi yabawa ita ce mafi rauni a cikin kayan. Bulo da bel ɗin da ake ɗauka kamar gyara ne, su ne ke yin aikin. Takardar hotunan kuwa a ajiye ta gefe.

A fara da tabarmar. Tsawonta yakan kasance santimita 173 ko 183, faɗi 61. Dogon mutum ya nemi ta 183, in ba haka ba idan ya kwanta ko dai kai ya sauka a tayil ko diddige. Roba iri uku ake samu. Akwai NBR, mai kauri milimita 10 zuwa 15, mai laushi kamar katifar jariri, ita ce aka fi sawa a cikin saitin masu araha. Akwai PVC mai milimita 4 zuwa 6, ta fi nauyi, ta fi ƙarko, tana da warin sabuwar roba na 'yan kwanaki. Sai TPE, galibi milimita 6, marar nauyi, tana kama ƙafa da kyau amma ba ta jure rana.

Mai ciwon gwiwa da zarar ya taɓa mai kaurin nan sai ya ce ya samu abin da yake nema, kuma idan durƙuso kawai zai yi, bai yi kuskure ba. Matsalar tana fitowa ne idan ya miƙe tsaye. Tafin ƙafa yana nutsewa a cikin soson, idon sawu ya dinga rawa, gwiwa ta karkata ciki ba tare da mai ita ya lura ba. Idan aka dafa ta da hannu, gindin tafin hannu ne ke lumewa ya bar yatsu a sama, wato wuyan hannun ya ƙara lanƙwashewa baya fiye da yadda zai yi a kan daɓe. Ga wanda ya taɓa karaya a nan, wannan shi ne ainihin abin da ba a so. Sannan NBR tana miƙewa: ka buɗe ƙafafu a kanta, ka ji tana bin ka a hankali kamar ɗanko. Kafin a biya kuɗi, a matse gefenta tsakanin babban yatsa da manuni. In yatsun suka kusa haɗuwa ba tare da wahala ba, to ƙoƙon gwiwa ma zai tarar da tayil ta cikinta, kaurin na ido ne kawai. Abin da ya fi shi ne tabarma mai milimita 5 ko 6 mai tauri, idan za a durƙusa a ninka tawul ko bargo a ƙarƙashin gwiwa.

Yanayin garin nan ma yana da nasa hukuncin. A lokacin hunturu ƙura kan kwanta tsakanin tabarma da tayil, sai ta dinga zamewa gaba ɗayanta. A goge ƙasan da ɗanyen tsumma, a bari ya bushe, sannan a shimfiɗa. A watan Afrilu kuwa, da zafi kan haura digiri 40, tabarmar TPE da aka manta a but ɗin mota takan lauje ta ƙi kwanciya daidai. Wanki da ruwa da ɗan sabulu ya isa, a shanya a inuwa.

Bulon shi ne ya sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Girmansa santimita 23 a tsawo, 15 a faɗi, 7.5 ko 10 a kauri, don haka bulo ɗaya yana ba da tudu uku gwargwadon yadda aka ajiye shi. Malamin yoga ɗan Indiya B.K.S. Iyengar, wanda ya rasu a 2014, shi ya yi fice wajen shigo da bulo da bel da bargo cikin koyarwa, domin marar lafiya da tsoho su iya yin abin da jikinsu zai ɗauka ba tare da an tilasta gaɓa ba. Abin da bulo ke yi a taƙaice shi ne ɗago ƙasa ta zo ta same ka a inda gaɓarka ta tsaya.

Inda wannan ya fi bayyana a wurinmu shi ne zaman tahiya. Tafiya a miƙaƙƙiyar hanya ba ta buƙatar gwiwa ta lanƙwashe fiye da digiri 60 da 'yan kai, zama a kujera kamar 90, amma zama a kan diddige yana neman kusan 150. Shi ya sa za ka ga mutum yana zuwa kasuwa da ƙafarsa lafiya lau, amma a masallaci sai ya jawo kujera, ko ya miƙe ƙafa ɗaya gaba. Yadda ake bi da bulo a dawo da wannan lanƙwasa shi ne: a durƙusa a kan bargo, gwiwoyi kusa da juna, a ɗora bulo biyu ɗaya kan ɗaya a kwance tsakanin ƙafafu, tudun ya zama santimita 15 ko 20. A naɗe ƙaramin tawul kamar kaurin wuyan hannu a cusa shi can cikin lungun bayan gwiwa, wani kuma a ƙarƙashin idon sawu idan saman ƙafa na ja. Sai a dafa kujera ko bango a sauka a hankali har mazaunai su zauna a kan bulon. Daƙiƙa 20 zuwa 30 a farko, sau uku. Abin da ya kamata a ji shi ne ja a gaban cinya. Idan suka ce kamar ta allura a gefen gwiwa na ciki, ko a ji kamar wani abu ya maƙale, a tashi, a ƙara tudu da littafi ko matashi. Ba a rage tudun sai an yi mako biyu ana zama minti ɗaya cur ba ciwo, ba kumburi washegari. Wani zai kai ƙasa a wata uku, wani zai tsaya a bulo ɗaya har abada saboda guringuntsin ya riga ya cinye. Shi ma ya ci riba. Wanda kuma aka sa wa gwiwar roba kada ya gwada wannan sai da izinin likitan da ya yi masa aiki.

A nan ne ingancin bulo ke da muhimmanci. Wasu na cikin saitin suna da laushi ƙwarai, mutum mai kilo 90 ya zauna su lotsa, tudun da aka auna ya ragu ba a sani ba. A danna da babban yatsa da ƙarfi: in ramin ya daɗe bai cike ba, a nemi wani.

Amma lanƙwasa rabin aiki ce, kuma ba ita ce rabin da ya fi muhimmanci ba. Mutane suna ɗaukar yoga a matsayin miƙa jiki kawai, alhali tsohon rauni abu biyu ya fi bari a baya: tsokar da ke kewaye da gaɓar ta rame saboda an daɗe ana lallaɓa ta, sannan gaɓar ta rage sanin inda take, wato saƙon da take aika wa ƙwaƙwalwa ya yi rauni. A auna cinyoyin tsohon ɗan ƙwallo da tef ɗin tela, santimita 10 sama da ƙoƙon gwiwa, sau da yawa za a tarar mai ciwon ta fi sirantaka. Jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi kuwa idan ta saki, ja ba ya gyara ta, ƙara mata saki yake yi. Don haka motsi biyu na ƙarfi su ne ginshiƙi. Na farko, a kwanta rigingine, a kafa tafin ƙafafu a ƙasa, a matse bulo ta kaurinsa tsakanin gwiwoyi, a ɗaga ƙugu har cinya da ciki su miƙe, a riƙe daƙiƙa 5, a sauka. Sau 10, zagaye biyu. In bayan cinya ya ɗaure, diddige sun yi nisa da mazaunai, a jawo su. In kwankwaso ne ke ciwo, an ɗaga fiye da kima. Na biyu, a jingina baya da bango, ƙafafu gaba kamar taku ɗaya da rabi, a zame ƙasa rabin hanyar zaman kujera, a tsaya daƙiƙa 20 zuwa 30, sau huɗu. A leƙa ƙasa: ƙoƙon gwiwa ya saiti yatsan ƙafa na biyu. Ana yin wannan a kan tabarma ko ƙasa marar santsi, ba da safa a kan tayil ba.

Ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ta saka yoga cikin abin da za a iya ba mai amosanin gwiwa shawara a kai, amma da sharaɗi, yayin da ta ƙarfafa motsa jiki gaba ɗaya da rage ƙiba ba tare da wani jinkiri ba. Matsayin da ya dace da yoga ke nan. Hanya ce ɗaya daga hanyoyin motsa gaɓa, ba ta fi gashin ƙashi na asibiti ba, ba ta kuma sake tsiro da guringuntsi.

Bel ɗin auduga ne, faɗinsa wajen santimita 3.8, tsawo mita 1.8 ko 2.4, da zobban ƙarfe biyu a baki ɗaya. Mai mita 1.8 gajere ne ga dogon mutum mai taurin bayan cinya. Mai maɗaurin roba kuma yakan zame a daidai lokacin da aka ɗora masa nauyi, a guje shi. Ga gwiwar da ta riƙe, a kwanta, a zarga shi a tafin ƙafa, a jawo diddige yana jan ƙasa zuwa mazaunai har inda ja ya fara, a riƙe daƙiƙa 20, a mayar, sau 8. Hannu ne ke taimako, ba fizga ba.

A kafaɗa ne bel ke iya gyara ko ya ɓata, domin tsohon ciwon kafaɗa iri biyu ne masu kishiyantar juna. Akwai wadda ta sandare, hannu ba ya kaiwa aljihun baya ko saman kai, abin da ake yawan gani ga masu ciwon suga. Akwai kuma wadda ta taɓa gocewa ta zama sakakkiya. Mai sandararriya zai amfana da ja a hankali: ya dafa bango da tafin hannu biyu daidai ƙirji, ya ja da baya yana sunkuyawa har hammata ta fara buɗewa, ya yi numfashi biyar. Mai sakakkiya kuwa ja ne abokin gabarsa. Mafi yawan gocewar kafaɗa ta gaba take fita, kuma yanayin da ke fitar da ita shi ne hannu a ɗage gefe an juya shi baya, kamar mai shirin jifa. Wannan motsin da ake gani a bidiyo, a riƙe bel da hannu biyu a tsallakar da shi ta saman kai zuwa baya, yana bi ta daidai wannan wurin. Garin neman gira sai a rasa ido. Abin da ya dace da mai sakakkiyar kafaɗa: a ɗaure bel ya zama zobe daidai faɗin kafaɗu, a zura hannu biyu zuwa wuyan hannu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, a tura waje kamar za a tsinka bel ɗin amma da rabin ƙarfi, daƙiƙa 8, sau 10. Babu abin da ke motsi a ido, amma ƙananan tsokokin bayan allon kafaɗa, waɗanda ke riƙe kan ƙashin a gurbinsa, su ne ke aiki. In wuya ne ya gaji, an ɗage kafaɗa zuwa kunne.

Idon sawu da ya saba targaɗe ba ya buƙatar komai daga cikin saitin a makonnin farko. A tsaya da ƙafa ɗaya a kan daɓe, ba takalmi, yatsa ɗaya na taɓa bango, ɗaya ƙafar a jingine a sha-raɓa, ba a gefen gwiwa ba. Daƙiƙa 30, sau uku kowace ƙafa. Idan ya zama wasa, a saki bangon, daga baya a rufe ido. Sai a mataki na ƙarshe ne tabarmar nan mai kauri ke samun aikin da ya dace da ita: a ninka ta biyu a tsaya a kai, rawar da take sa ƙafa yanzu ita ake nema. A haɗa da ɗaga diddige sau 15. Mai tsohuwar karayar wuyan hannu kuma ya sauka a kan damtsen hannu ko dunƙulallen hannu maimakon tafi, ko ya dafa bango, har lanƙwasar ta dawo.

Takardar hotunan ita ce abin da ya fi ba da haushi a saitin. Kusan kullum akwai zaman nan da ake ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗaya. Juyin da wannan zama ke buƙata daga kwatangwalo yake fitowa. In kwatangwalo ya ƙi, mutum ya kama ƙafa ya ja da hannu, murɗar sai ta sauka a gwiwa, ta matse guringuntsin gefen ciki da likitoci ke kira meniskus, wanda galibi shi ne dama ya yage a filin ƙwallo. Akwai tsayuwa da ka, akwai sauka ƙasa a kan hannu kamar fireshof. Babu ɗaya da aka zana domin mai rauni, kuma babu gargaɗi ko na layi ɗaya.

Wata tambaya da ba a rasa ta a Kano ita ce ta addini, tunda asalin yoga daga Indiya ne kuma tana da alaƙa da ibadar Hindu. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana Musulmi nau'in da ke haɗe da karance-karancen ibada, ta bar wanda motsa jiki ne zalla. Abin da aka bayyana a sama duk motsi ne da numfashi, yawancinsa ma ana yin irinsa a ɗakin gashin ƙashi da wani suna. Mai shakka ya tambayi malaminsa.

Game da yawan yi, sau uku a mako, minti 20 zuwa 30, bayan tafiyar minti 5 zuwa 10 don jiki ya ɗumama. Da sanyin asuba na hunturu gaɓoɓi sun fi riƙewa, gara a bari hantsi ya yi ko bayan la'asar. Ma'aunin ciwo shi ne: in aka kasa shi daga 0 zuwa 10, har 3 ana iya ci gaba, muddin ya lafa kafin awa 24. In aka wayi gari gwiwa ta kumbura ko ta fi jiya tauri, an zarce, a raba adadin biyu. Ba a riƙe numfashi, musamman mai hawan jini. Canji na gaske yana ɗaukar mako 6 zuwa 12, kuma yawancin masu cewa abin bai yi musu aiki ba ko dai sun bari a mako na biyu, ko sun yi na wata guda a kwana uku.

Akwai waɗanda bai kamata su fara da sayen tabarma ba sam. Gwiwar da ke kullewa ta ƙi miƙewa, ko take sakin mutum yana cikin tafiya. Gaɓar da ta yi zafi ta kumbura da zazzaɓi. Ciwon da ke tayar da mutum da dare yana kuma ramewa, domin tarin fuka yana kama ƙashi da gaɓa. Dindiris ko kasala a yatsu. Mai sikila da ke jin ciwo a matsematsi ko kwatangwalo, wanda zai iya zama kan ƙashin cinya ne jini ya daina isa gare shi. Da ƙashin da aka ɗora ya haɗe a karkace: babu bel ɗin da zai miƙar da shi. Waɗannan hoton ƙashi da likita suke buƙata tukuna, kuma garin nan bai rasa wurin zuwa ba, ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ko wanda ba ya cikin wannan rukuni, zama ɗaya ko biyu da ma'aikacin gashin ƙashi, ya tafi da bulonsa da bel ɗinsa a nuna masa tudun da zai fara da shi, ya fi bidiyo hamsin na YouTube. Haka idan mai horarwa a gidan motsa jiki ya ce zai danna maka baya ko ya taka maka cinya don ka kai ƙasa, ka ce masa a'a.

In kuɗi bai kai na saitin gaba ɗaya ba, ko mai shago ya ƙi raba shi, a sayi bulo biyu masu tauri kawai. Tsohon rawani ko mayafi mai ƙwari zai tsaya a madadin bel a duk motsin da ba ya buƙatar zobe, kuma tela zai iya ɗinka na gaske da igiyar jaka da zobban ƙarfe biyu. Kafet ɗin ɗaki da ba ya zamewa ya wadatar a madadin tabarma. Bulon ma kafinta zai yanka shi daga katako marar nauyi, 23 da 15 da 7.5, a ce masa ya goge kusurwoyin da samfefa sosai, don kaifin katako a ƙarƙashin mazaunai ko tafin hannu yana hana a daɗe a kai.